Yaye Ba Kunu: Wa'adin Tallafin Marasa Aiki a Ƙasar Yusufari

Duk lokacin da aka tayar da zancen tallafa wa marasa aikin yi a ƙasar nan, ba a rasa wani mai babbar riga da zai gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce a ba su, amma lalle a yanka musu wa'adi don kada su saba da cin banza. Maganar tana da daɗin ji, kuma tana kama da hikima, shi ya sa ta shiga bakin 'yan boko, har ta iso cikin jami'a, inda za ka ji ɗalibin da ubansa ya sayar da tunkiya ya biya masa kuɗin rajista yana maimaita ta kamar karatun allo. Mu kam da muka san Yusufari da Nguru da Gashuwa, muka san abin da rani yake yi wa gidajenmu, ba mu yarda da ita ba. Ba muna ƙin wa'adi don kansa ba ne. Abin da muke ƙi shi ne wa'adin da ake ƙirga shi da kalanda kawai, a rataya shi a wuyan talaka, alhali hukumar da ta yanka shi ba ta ɗora wa kanta komai ba.

Da farko ma, mene ne ake son a yanka wa wa'adin? Nijeriya ba ta da dokar da ta ce duk wanda ya rasa aiki ya je ofishi kaza ya karɓi kaza a wata. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 16, ya lissafa tallafin rashin aiki cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta tanadar wa kowane ɗan ƙasa, tare da abinci da muhalli da kula da tsofaffi da naƙasassu. To amma sashe na 6 na wannan tsarin mulkin ya riga ya ɗaure hannun kotu, ba ta da ikon tilasta wa gwamnati cika irin waɗannan alkawura. Wato an ba ka da dama, an karɓe da hagu. Abin da ya fi kusa da tallafin rashin aiki a dokokinmu shi ne damar da dokar fansho ta 2014 ta bai wa ma'aikacin da ya yi wata huɗu ba aiki, ya ciri rubu'in abin da ke asusunsa na fansho. Kuɗinsa ne aka ara masa daga tsufansa. Manomin Tulo-Tulo kuwa da bai taɓa karɓar albashi ba, wane asusu gare shi da zai cira?

Abin da muke da shi shirye-shirye ne, kowace gwamnati ta zo da gangarta, in ta tafi a fasa gangar. An kafa hukumar samar da ayyukan yi ta NDE a 1986, shekarar da Babangida ya shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. An yi NAPEP a 2001, an yi SURE-P a 2012. Ba za mu ɓata tawada a kansu ba. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne N-Power, domin shi ne ya fi shiga gidajenmu, kuma a kansa ne aka gwada wa'adi ido ya gani.

Gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin a 2016. An ɗauki masu digiri da masu takardar NCE da difloma, aka tura su makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da aikin malaman gona, ana biyan kowa naira 30,000 a wata, bisa sharaɗin shekara biyu. Rukunin farko mutum 200,000 ne, suka kama aiki a ƙarshen 2016. Rukuni na biyu mutum 300,000, suka shiga a 2018. A wancan lokaci mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, saboda haka kuɗin ba abin rainawa ba ne. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu cikin waɗannan shekaru ya ga abin da ya biyo baya: samari sun yi aure, an sayi buhun gero tun da kaka kafin ya yi tsada, an mayar da ƙanne makaranta, ajin da ya daɗe ba malami ya sami mai riƙe alli. Da shekara biyun rukunin farko ta cika, gwamnati da kanta ta duba ta ga ba inda za ta kai su, ga zaɓen 2019 ya ƙarato, sai ta bar su suka ci gaba. Wannan shi ne shaida ta farko, kuma daga bakin mai wa'adin ta fito, cewa kalanda ba ta haifar da aiki.

Sai a tsakiyar 2020 aka sanar da sallamar rukunin farko a ƙarshen Yuni, na biyu a ƙarshen Yuli. Mai karatu ya tuna wace shekara ce 2020. Shekarar annobar korona ce, an kulle garuruwa, an rufe kasuwanni da makarantu, kamfanoni suna rage ma'aikata. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen wannan shekara rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A cikin wannan hali aka buɗe ƙofa aka ce wa mutum 500,000 su fita su nemi na kansu. An buɗe musu shafin intanet mai suna NEXIT, aka ce su yi rajista za a haɗa su da rance daga Babban Banki. Ku zaga unguwannin Gashuwa da Nguru ku tambaya, mutum nawa ne rancen ya iso hannunsu. Rukuni na uku da ya biyo baya ma wa'adinsa ya fi gajarta, ga kukan bashin alawus na watanni, har aka dakatar da shirin baki ɗaya a watan Oktoban 2023 da sunan bincike.

Wasu sun kira sallamar nan yaye. To, tunda an ɗauko kalmarmu, bari mu auna aikin da ma'anarta. Bahaushiya ba ta yaye ɗa don kawai wata kaza ya cika. Tun kafin ranar ta riga ta koya masa kunu, ya saba da tuwo mai laushi, ya fara tafiya da ƙafarsa. In ta ga yaron yana fama da ciwo, ko ana tsananin zafi, sai ta ɗaga ranar. In ranar ta zo, akwai kakar da za a kai shi wurinta ta rarrashe shi. Haka kuma a kasuwa, ubangidan kirki ba ya yaye yaronsa da fatar baki. Sai ya koya masa ciniki, ya haɗa shi da dillalai, ya ba shi jari ko ya kama masa rumfa, sannan ya sa masa albarka. A duka biyun akwai wa'adi, ba mu musa ba. Amma nauyin wa'adin yana wuyan babba ne: uwa ce za ta dama kunun, ubangida ne zai nemo jarin. Cire yaro daga nono ba tare da an dama komai ba, wannan ba yaye ba ne, yarwa ce.

Sauran shirye-shiryen ma sun fi wannan gajeren numfashi. A farkon 2021 aka ƙaddamar da shirin ayyuka na musamman na mutum 774,000, wato mutum dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, ana biyan naira 20,000 a wata har wata uku. Yusufari ta sami dubu ɗaya, a ƙaramar hukumar da tun ƙidayar 2006 mutanenta sun haura dubu ɗari. Bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta yi alkawarin naira 25,000 a wata ga gidaje miliyan 15, shi ma wata uku. Tsadar da janye tallafin ya jawo, wa ya yanka mata wa'adin wata uku? Kuɗin mota daga Yusufari zuwa Gashuwa bai dawo yadda yake ba bayan wata ukun, haka kuɗin man da ake zuba wa injin ban-ruwa a fadama.

Daga ina wannan ra'ayi na wa'adi ya zo mana? Masu yaɗa shi sukan kafa hujja da ƙasashen Turawa, don haka bari mu bi su can. Ingila ta fara inshorar rashin aiki da dokar 1911: sule bakwai a mako, har mako 15 a shekara, kuma ga ma'aikatan wasu sana'o'i kamar gini da ƙera jiragen ruwa, waɗanda aikinsu kan zo ya ɗauke. A lura, mako 15 a kowace shekara aka ce, ba a duk tsawon rayuwa ba. A Amurka, akasarin jihohi suna biyan wanda ya rasa aiki har mako 26. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce iyali ba za su karɓi tallafin kuɗi daga aljihun tarayya fiye da shekara biyar a rayuwarsu ba, kuma wannan doka ce masu wa'adi suka fi yin tutiya da ita, domin yawan masu karɓa ya ragu da fiye da rabi kafin shekarar 2000. Abin da ba sa faɗa shi ne, a waɗannan shekaru kasuwar Amurka tana neman ma'aikata ido rufe, har rashin aiki ya sauko wajen kashi huɗu cikin ɗari. Ba sa kuma faɗin cewa dokar ta bar wa jihohi damar keɓe kashi 20 cikin ɗari na masu karɓa saboda tsananin hali. Da tattalin arzikinsu ya karye a 2008, su da kansu suka ja mako 26 ɗin nan har ya kai mako 99 a jihohin da abin ya fi ƙamari. Ke nan masu abin ma, in aiki ya yi wuya, sassauta igiyar suke yi. Mu da muka ara, sai muka aro igiyar muka bar sassaucin.

Kuma rashin aikin da ake yi wa magani a can ba irin namu ba ne. Can mutum ne yake da aiki a masana'anta, aka rufe ta, ana riƙe shi kafin ya sami wata. A Yusufari wace masana'anta aka rufe? Rashin aikinmu na yanayi ne, yana zuwa kowace shekara kamar yadda hunturu yake zuwa. Damina a wannan yanki na bakin iyakar Nijar wata uku ce in ta yi kyau. A shuka gero da wake da riɗi, a yi noma, a yi girbi da kaka, shi ke nan. Daga nan sai wata bakwai ko takwas na rani, wanda mai sa'a ne yake da ɗan abin yi a kwari, ko haƙar kanwa, ko kula da dabino, ko tsintar ƙaro, ko saƙar kaba. Sauran sai cin rani. Rairayi kuma yana gurgusowa, yana binne gona da rijiya da dausayi, kamar yadda duk wanda ya je Tulo-Tulo ya gani da idonsa.

Ƙofofin da iyayenmu suke fita ta cikinsu ma an rurrufe da yawa. Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930 garin ya zama matattarar gyaɗa da fata da kiraga da shanu, ɗan ƙauye yana samun dako da lebura a tasha har damina ta faɗi. Wannan zamani ya wuce. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya tafiyar ruwan da yake malalowa fadamun Haɗeja da Nguru, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Shirin raya yankin nan mai fama da fari, wato NEAZDP, wanda aka kafa hedikwatarsa a Garin Alkali kusa da Gashuwa, ya fara aiki a 1990 da kuɗin Tarayyar Turai. Da aka rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 Turawa suka janye hannu, talakan Yusufari da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya kuɗin saɓanin. Saurayin da ya tafi birni da babur, Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas ta hana a manyan unguwanninta a 2020 da 2022. To mutumin da aka ce an ba shi wata uku ko shekara biyu ya tsaya da ƙafarsa, a kan wace ƙasa zai tsaya?

Abin dariya, in da abin dariya ne, a 2023 Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ba ya cikin marasa aiki. Nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1 cikin ɗari. Bisa wannan lissafi, wanda ya yi dakon buhu biyu ranar kasuwa ya koma gida ya zauna kwana shida, ma'aikaci ne. An ce ma'aunin duniya ne, to madalla. Amma in aka ɗauke shi aka gina hujjar datse tallafi a kansa, an yi wa yunwa kwaskwarima ne kawai.

Masu wa'adi suna da hujjoji uku, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Ta farko ita ce lalaci. Suna cewa wasu 'yan N-Power ba sa zuwa wurin aiki, sai dai su jira ƙarar saƙon banki a waya. Gaskiya ne an yi haka, kowa ya san wani. Amma maganin wanda ba ya zuwa aiki shi ne rajistar zuwa aiki da hedimasta mai tsoron Allah da mai duba makarantu da yake fita daga ofis. A kori wanda bai zo ba tun a watan farko. Wa'adi ba ya bambance mai zuwa da mai fashi: ya bar malalaci ya ci shekara biyu cur, sannan ya kore shi rana ɗaya da wanda bai taɓa makara ba. Kuma a daina jifan mutanen da suke tafiya Fatakwal su yi ga-ruwa da yankan farce da kalmar lalaci. Wanda zai kwana a tasha wata shida don ya aiko da kuɗin gero, ba naira 5,000 a wata ce za ta kwantar da shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato layi. Da aka buɗe neman shiga rukuni na uku a 2020, mutum fiye da miliyan biyar suka nema. Suna cewa in na ciki ba su fita ba, yaushe na waje za su shiga? Wannan tambaya ce ta adalci, mun karɓe ta. Sai dai a duba abin da ta haifar. An ɗauki mutum ya shekara uku da rabi a aji, ya koyi koyarwa, yara sun saba da shi, an sallame shi ya koma gindin bishiya. An kawo sabo ya fara daga farko, shi ma a sallame shi. Yawan marasa aiki bai ragu da mutum ɗaya ba, an dai sauya sunan mai jin yunwar bana. Alhali makarantun ƙauyukanmu suna kukan rashin malamai, kuma ga mutanen da aka riga aka gwada su a aji. Da jiha da ƙananan hukumomi sun tace su sun ɗauki nagari, da layin ya matsa gaba da gaske.

Hujja ta uku ita ce aljihun gwamnati ba teku ba ne. Haka ne. To amma me ya sa ba a tuna wannan sai in zancen talaka ake yi? Jihohi da dama sun yi dokokin fansho ga tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, na har ƙarshen rayuwa, ga mutanen da suka yi aikin shekara huɗu ko takwas. Asirin wannan ya fito fili a Nuwamban 2019, lokacin da aka ga takardar da tsohon gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata, har majalisar jihar ta soke dokar. Miliyan 10 a wata alawus ɗin 'yan N-Power 333 ne. Ba mu taɓa jin mai babbar riga ya ce a yanka wa tsohon gwamna wa'adi don kada ya saba da cin banza ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu wannan muhawara da ɗaruruwan shekaru, lokacin da suke tattauna nawa za a bai wa matalauci daga zakka. Malikawa, waɗanda mazhabarsu muke bi, suka ce a ba shi abin da zai ishe shi shekara, domin zakka tana zagayowa kowace shekara, in ta dawo ta tarar da shi cikin buƙata a sake ba shi. Shafi'awa suka ce a ba shi abin da zai fitar da shi daga talauci gaba ɗaya: mai sana'a a saya masa kayan sana'arsa, ɗan kasuwa a ba shi jari. Ko wanne mutum ya ɗauka, ma'aunin shi ne halin mabuƙaci. Ba wanda ya ce in an ba shi sau biyu a rufe littafi ko da yana nan yadda yake.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba daga sama muka ƙago shi ba. A 2005 Indiya ta yi dokar da ta lamunce wa kowane gidan karkara aikin lada na kwana 100 a shekara, kuma ta ce in mutum ya nemi aikin ba a ba shi cikin kwana 15 ba, hukuma ce za ta biya shi alawus na zaman da ya yi. A wannan shekarar Habasha ta fara shirin da yake biyan mutanen yankunan fari ladan aikin gayya na gyaran ƙasa da ruwa a watannin da rumbu yake yin ƙasa, su kuwa tsofaffi da marasa ƙarfi a ba su ba tare da aiki ba. Irin wannan shi ya dace da Yusufari: aikin rani mai lada, kwana kaza a kowace shekara, a rubuce cikin doka yadda sauyin gwamnati ba zai kashe shi ba. Aikin kuwa ga shi nan jibge. A kafa shinge a dasa itatuwa a tsayar da rairayi, a kuma biya wanda zai shayar da dashen har ya kama, ba a dasa ranar biki a ɗauki hoto a watse ba. A yashe kwari da tafkuna. A sare kachala a buɗe wa ruwa hanya tsakanin Nguru da Gashuwa. A gyara azuzuwan da iska ta yaye wa rufi. Wannan yana da iyaka, kwanakin shekara ne, kuma yana tace kansa, domin mai abin yi ba zai bar shagonsa ya shiga tafki da lauje ba.

Tsoho da makaho da gurgu da gwauruwa mai marayu, waɗannan ba a yi musu zancen wa'adi, sai in wani ya san ranar da tsufa yake warkewa. Mai takarda kuma da aka ɗauka irin aikin N-Power, a yanka shekara biyun, mun yarda, amma a rubuta a takardar ɗaukarsa abin da hukuma za ta yi kafin ranar: ko gurbin koyarwa ga wanda ya ci jarrabawar tancewa, ko jari a hannu ga wanda ya koyi sana'a, a biya shi kafin ya miƙa alli. In ranar ta zo hukuma ba ta cika nata ba, alawus ya ci gaba har ta cika. In kuma ta yi jinkirin biyan wata ɗaya, a lissafa mata bashi kamar yadda ake lissafa wa ɗan kwangila.

Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da kwalejin ilmi ta garin, da kwalejin shari'a ta Nguru, duk shekara suna fitar da ɗalibai, kuma da yawa daga masu karanta wannan mujalla za su tarar da kansu a layin shirin da za a ƙago nan gaba, ko da wane suna aka raɗa masa. 'Yan majalisar da suke wakiltar wannan yanki a Damaturu da Abuja za su zo neman ƙuri'a, za su kuma yi alkawarin tallafi. In sun zo, a tambaye su sashen dokar da za a rubuta shi, da ranar biya, da abin da zai sami hukuma in ta saɓa.